Tunkuzata da Hantar Ragunansu

Na wanke hanta fiye da kowane namiji a garinmu, har da sarkin fawa. Shi yanka ya sani da fiɗa. In ya gama sai ya turo kayan ciki cikin gida a ƙwarya, mu mata mu zauna da su. Suna ne, biki ne, layya ce, duk gidan da aka yi yanka ni ake aika wa, don ba ni da ƙyama kuma hannuna yana da sauri. Saboda haka tun ban san baƙin rubutu ko ɗaya ba na san hanta. Ta lafiyayyen rago ja ce mai duhu, sumul, gefenta siriri kamar bakin wuƙa, in ka danna yatsa ta dawo. Na faɗi wannan tun farko don mai karatu ya san wadda maza suka tsaya suna koya wa abin da ke kashe rago.

Garinmu ƙarami ne, bayan Kaoje, dab da iyaka. In ka fita da hantsi, kafin azahar kana ƙasar Faransi, wadda a shekarun nan aka fara ce mana sunanta Dahome. Mijina ya rasu ya bar mini 'ya'ya mata uku, da turmi, da kaskon suya. Man gyaɗa nake yi. Abin da ya rage in na matse mai, wato tunkuza, rabi in soya ƙuli-ƙuli, rabi in shanya in sayar wa masu kiwon turke su haɗa da dusa. Duk ragon layyar da ya yi kitse a garin nan, da tunkuzata ya yi. Kuma ban taɓa daka gyaɗa ban tsince ta ba. Ni da 'yan matana mukan baje ta a faifai mu fid da baƙa, da mai tsutsa, da wadda ta yi hunhuna. Aikin yana cin baya, amma haka uwata ta koya mini.

Shekarar da ta biyo bayan sauke tutar Bature, kowa a garin ya zama mai ilimi. Mutumin da jiya bai san hanyar Bagudo ba, yau yana zaune gindin rediyo yana gyara wa gwamnati kuskure. A cikin wannan zafin kai ne mai shagon bakin kasuwa, surukin maigari, ya kawo tunkuzar inji. A jirgin ruwa ta zo ta kogin Kwara, buhu-buhu, kowane da rubutu a jiki. Ya ce wannan ita ce ta zamani, ƙarfe ya matse ta, hannun mace bai taɓa ta ba. Ya jibge ta a sitonsa na bakin fadama. Da ruwa ya cika ya shiga siton, ya kwana biyu a ciki kafin ya janye. Na wuce ta wurin zan je ɗiban ruwa, na ga yaransa sun zazzage buhunan suna kankare kore-koren da ke sama, suna mayarwa suna ɗinkewa. Warin kaɗai ya isa ya kori mutum. Na faɗa wa maƙwabciyata, ta ce in rufe bakina, kishin sana'a za a ce.

Da bazara ta shigo ciyawa ta ƙare, dabbobin turke suka koma kan dusa da tunkuza zalla. Mutane suna sayen tawa don sabo, suna sayen ta buhu don a gan su da ita, su haɗa. Ba a daɗe ba raguna suka fara ƙin ci. Sai ka ga rago ya tsaya kai ƙasa, ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara, ciki ya kumbura. Wasu aka yi sauri aka sa musu wuƙa. Ni aka kira wankin kayan ciki, kamar kullum, na kuwa ga hantar: ta koɗe ta yi fari-fari, ta yi tauri kamar ƙirgi, wata in ka matsa sai ta marmashe a hannu. Na ce musu abinci ne. Suka ce lallai abinci ne. Ashe ba abu ɗaya muke nufi ba.

Aka aiko dogari in zo zauren maigari. Na tarar da dattawa cike, mai shago yana gefen dama da carbi mai tsawo.

Maigari ya ce, "Ke, an ce duk ragon da ya faɗi ya ci tunkuzarki."

Na ce, "Ranka shi daɗe, duk ragon da ya faɗi ya sha ruwan rijiyarka. A rufe rijiyar?"

Wani tsoho ya ce, "Ji bakinta! Mace a zaure tana mai da magana."

Na ce, "Baba, ku kuka kira ni. Shekara nawa ragunanku na cin tunkuzata? Wane ne ya mutu sai bana? Mi aka ƙara bana?"

Ba wanda ya dubi mai shago. Kowa ya sami abin kallo a tabarma. Shi kuwa ya ja carbi ya ce, a hankali kamar mai wa'azi, abin da ya fito daga inji an auna shi, ga rubutu nan a buhu. Na tambaye shi abin da rubutun ya ce. Bai sani ba. Duk zauren ba wanda ya sani. Amma rubutu ne, ni kuma bazawara ce mai turmi, saboda haka maigari ya yanke cewa kada in ƙara sayar da tunkuza har sai an ga hali.

Da a tunkuza ta tsaya da sauƙi. Mata suka daina aiko kwalba sayen mai. Ƙulin da 'yata ke kaiwa kasuwa ya riƙa dawowa yadda ya tafi. Wata ta hana ɗanta karɓar ƙuli a hannuna a kan idona, ta doke masa hannu. Aka daina kirana wankin kayan ciki. Turmin da ke ciyar da mu huɗu ya kife a bayan ɗaki. Raguna kuwa ba su fasa mutuwa ba, sai aka ce dafin ne bai gama fita ba.

Labari ya kai Bagudo, aka turo malamin dabbobi. Mutumin kudu ne, Kirista, siriri, da gajeren wando da safa har gwiwa, yana jin Hausa sosai. Ya aiko tun kwana biyu kafin zuwansa cewa a tara masa dabbobi marasa lafiya da masu lafiya, zai ɗebi jini.

To, a garinmu akwai abin da kowa ya tashi ya tarar. Duk ranar da aka ji mai kaki da littafi yana tafe, dabbobi sukan ƙetare iyaka. Tun zamanin jangali haka ake yi: a kora su gidajen dangi a ƙasar Faransi, a bar 'yan kaɗan a nuna. In na Faransi ne ke tafe, nasu su ƙetaro wajenmu. An sauke tuta an ɗaga wata, amma wannan bai sauka ba. Dattawa suka zauna suka ce in malamin nan ya ga raguna masu ɗorawan ido zai ce annoba ce, a ƙone su, a rufe kasuwa. Mai shago ya fi kowa jin tsoron nan, ya kuwa san dalilinsa. Aka kwashe marasa lafiya aka kai ƙetare. Don kada baƙo ya zo ya ga turaku wayam, aka je ruga aka aro ragunan Fulani masu kyau aka ɗaure. Mutum an aiko masa mai magani, ya ɓoye majinyaci ya aro lafiyayye. Waɗannan su ne suka ce ba ni da hankalin tsayawa a zaure.

Ranar da malamin ya zo na ja raguna biyu da nake kiwo na kai dandali, ba wanda ya gayyace ni. Ya kafa tebur a inuwar ɗorawa, da ƙananan kwalabe jere, da allurai, da wani fulas babba mai ƙanƙara. Na tsaya na ji yana yi wa maza bayani. Ya ce in abinci yana da guba, hanta ce take fara ɗaukar dukan. In ta ji ciwo, akwai wani ruwa nata da ke tsiyaya ya shiga jini, tun dabba tana tsaye tana ci. A can ɗakin awo na birni suna da hanyar auna yawan ruwan nan. Saboda haka yana son jinin waɗanda suka ci ta buhu kaɗai, da na waɗanda suka ci ta gida kaɗai, a gwada. Maza suna ta gyaɗa kai, ba abin da suka ji. Ni na ji, don na san tulun da ya tsage: tun kafin ya fashe za ka ga ƙasan wurin ta jiƙe.

Na ce, "Malam, ga na gida kaɗai. Ba su taɓa sansana buhu ba."

Ya ce, "Madalla, Mama." Ya tsuguna ya laluba wuya, ya soka allura, ya cika kwalba biyu, ya yi musu alama.

Sai mai shago ya sa aka jawo nasa, wai ga na buhu kaɗai. Manya-manya, farare, suna tsalle. Malamin ya yaba, ya fara ɗiban jini. Na dubi ragunan na dubi mutumin nan da safarsa, na ga lallai za a kai jinin ragon daji birni, a auna, a rubuto cewa tunkuzar buhu tsarkakakkiya ce. Daga nan kuma ba mai sake fid da ni.

Na ce, "Malam, a makarantarku ba a koya muku duban wuya?"

Ya ɗago. "Wuya kuma?"

"Ragon da ya yi wata huɗu a turke, igiya takan cinye masa gashin wuya. Dubi nawa. To dubi wanga. Ina sawun igiya? Dubi kofatonsa, a goge yake, ya sha tafiya. Nawa sun yi zaƙo-zaƙo don ba su zuwa ko'ina. Ga ƙarangiya nan a cikinsa. A turken wa ƙarangiya ke tsirowa?"

Ya shafa wuyan, ya ɗaga ƙafar, ya ciro ƙarangiya ɗaya ya riƙe yana kallo. Mai shago ya ce, "Kada ka biye mata, Malam, taɓaɓɓiya ce." Maigari ya ce marasa lafiyar duk sun mutu, waɗannan su suka rage. Malamin ya ce shi ba zai iya ƙaryata maigari a garinsa ba, kuma ko da akwai wasu a wani wuri, kakinsa ba ya ƙetare iyaka. Ashe ya san al'adar. Ya ce motar da za ta mai da shi tana tashi da la'asar, ƙanƙara ba ta jira. Ya faɗi haka yana kallona.

Ban tsaya ɗaukar mayafi mai kyau ba. Na bar wa babbar 'yata raguna na kama hanya. Na san inda suke, don gidan gwaggona, ƙanwar ubana da ke aure a ƙetare, nan ne maɓoyar dabbobin maigari tun ina yarinya. Iyakar ma ba komai ba ce, wani busasshen rafi ne da tsamiya a bakinsa. Na isa rana tana tsaka. Ga su nan bayan rumbu, kai ƙasa, ƙuda na bin idanunsu.

Gwaggo ta fito tana ɗaura zane. "Ke ɗiyar nan, lafiya? Ko gaisuwa babu?"

Na ce, "Gwaggo, ina wuni. Rago na zo ɗauka."

"Amana ce aka ba mu."

"Ni ma amana ce ubana ya bar miki. Wata biyu ba a sayi man cokali ɗaya a gidana ba."

Ta dubi ragunan. Ta ce, "Tun jiya nake gaya wa tsohon nan, maigidana, warin mutuwa suke, ya fid da mini su daga gida." Ta nuna wani da haɓa. "Ɗauki wancan mai tsaga biyu a kunnen hagu. Duk duniya ta san na wane ne. Ni ban gan ki ba, ina barci."

Ragon bai iya tafiya ba. Muka ɗora shi a jakin gwaggo, muka ɗaure da zane, kansa na reto a gefe guda. Haka na shigo gari ta tsakiyar kasuwa, ina jan jaki, ragon maigari a bisa kamar ango. Da akwai hanyar bayan gari. Ban bi ta ba.

Na tarar malamin yana haɗa kaya. Na sauke ragon a gaban teburinsa na ce, "Ga ɗaya daga cikin matattun ya tashi." Mahauta suka fashe da dariya, sarkin fawa ya rufe baki da hula. Malamin bai yi dariya ba. Ya buɗe idon ragon, ya dubi wuyan da igiya ta cinye, ya tambayi na wane ne. Sai sarkin fawa ya ce, "Kunnen ya faɗa." Malamin ya tambayi abin da ragon yake ci. Matar da ke ba dabbobin gidan maigari abinci tana cikin 'yan kallo, ta ce tun da aka hana tawa ba su ci komai ba sai ta buhu, kafin nan ma surukin gida ba ya bari a sayi tawa. Ya ɗebi jinin. Ya je sito da kansa ya yanki buhu ya ɗebi tunkuzar a takarda, ya zo gidana ya ɗebi tawa. Ya ce kada a ƙara ba dabba ta buhu har sakamako ya zo. Mota ta tashi.

Kada wani ya ɗauka an saurare shi. Yana juya baya aka ce ai Kirista ne, mi ya sani game da ragon layya. Mai shago ya rage kuɗin buhu, aka yi ta saye. Ni kuma laifina ya zama biyu: na kashe raguna, na kuma tona asirin gari a gaban baƙo. Maigari bai ƙara kirana zaure ba. Mata in sun hango ni a rijiya sai hira ta mutu. Na sayar da tasoshin aurena muka ci. Raguna biyun nan ne na ƙi sayarwa, na ci gaba da daka musu 'yar gyaɗar da ta rage. Takarda kuwa shiru, mako ya bi mako.

Layya ta riga takardar zuwa. A garinmu magidanci ba ya sa komai a baki ranar Sallah sai an sauko daga idi an yi yanka, a gasa hantar ragonsa ya fara karyawa da ita. Ko yaro ya san wannan. Ragunan da suka rage a tsaye, waɗanda ido bai nuna komai ba, aka kayar da su gida-gida. Ƙanen mijina ya zo ya yanka mini ɗaya daga cikin nawa, layyar farko da na taɓa yi da sunana. Na ciro hantar da hannuna. Ja mai duhu, sumul, gefe kamar wuƙa. Na ɗora ta a faifai na ajiye a ƙofar gida inda mai wucewa zai gani, na zauna kusa da ita ina korar ƙuda.

Ba a jima ba na fara jin gari ya yi wani iri. Ba ƙamshin gashi. Gida bayan gida ana buɗe ciki ana tarar da abin da na sha gani: koɗaɗɗiya, mai tauri, mai tabo. Sarkin fawa ya bi gidaje yana cewa kada wanda ya ci. Rana ta take, manyan gari suna zaune da babbar riga da yunwa, ba abin karyawa. Kuma fiye da wata biyu ke nan ba ragon da ya ɗanɗana tunkuzata sai nawa.

Matar tsohon nan da ya ce a ji bakina a zaure ita ta fara zuwa. Ta tsaya daga nesa ta ce, "Barka da Sallah. Wai maigida ya ce ko za a sam masa 'yar hanta, ko kamar yatsa."

Na ce, "Barkanmu dai. Hannuna fa da dafi, Inna. Ki koma ki tambaye shi ko ya manta."

Ta ce, "Haba, ɗiyata, ranar Sallah ce."

"Shi ya sa zan ba shi. Amma a zaure ya faɗi tasa, ba aike ya yi ba. Ya zo da ƙafarsa."

Ya zo. Suka zo, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yi kamar hanya ce ta biyo da shi. Na hura gawayi a ƙofar gida, ina yanka ƙanana ina gasawa, ina miƙa wa kowa a hannu, ba a kwano ba. Ba wanda ya ce in yafe masa, ban kuwa sa rai ba. Wani ya ce ai shi tun farko bai yarda ba. Na ce, "Ci, Baba, kada ta huce." Maigari bai zo ba, ya aiko dogari. Na ba dogarin nasa ya ci a gabana, na ce na maigari yana nan ajiye in ya sami sukuni. Mai shago an ce da ruwa ya karya.

Kwana uku bayan Sallah kwalba ta farko ta dawo gidana sayen mai. Na tayar da turmi. Ba wanda ya janye hanin da aka yi mini a zaure, ba wanda kuma ya ƙara ambatonsa. Buhunan da suka rage aka wayi gari an zuba su a kogin Kwara.

Takardar ta iso da damina, malamin ya kawo da kansa. An karanta wa maigari tasa a ɗaki, aka fito aka ce ba ta faɗi wani sabon abu ba. Malamin ya biyo ta gidana ya ba ni tawa, ya juya bayanta ya rubuta da Hausa, ya karanta mini: ruwan hanta a jinin ragon mai tsaga biyu ya yi yawa ƙwarai, a raguna biyu na gida daidai yake, kuma an sami gubar hunhuna a tunkuzar buhu, ba a samu a ta gida ba. Ya ce ragunan aro ma lafiyarsu ƙalau, a gaya wa Fulani. Na ce masa ya kyauta, amma gari ya riga ya ci sakamakon a ƙofar gidana.

Na naɗe takardar a tsumma na sa a ƙasan adaka. Shekaru bayan haka, da aka buɗe ajin manya na mata, na je na zauna a tabarma da furfura a kaina, 'ya'yan waɗancan dattawan suna leƙe ta taga suna dariya. Ranar da na iya haɗa baƙi, ita na fara cirowa. Na bi ta da yatsa har ƙarshe ba wanda ya taya ni. Abin da ya karanta mini shi ne a rubuce, bai ƙara ba bai rage ba. A cikin duk mazan da suka tsaya a dandali ran nan, shi kaɗai ne na bincika maganarsa na tarar da ita yadda ya faɗa.